Tiren darmar da na buga da firintar 3D ya lanƙwashe a mota: wace roba ce ke jure zafin Legas?

Ɗan Agege: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema. Wata bakwai ke nan da na fara harbin gasa na mita 10 da ƙaramar bindigar iska. Bindigar ta kulob ce, a can take kwana, ni ƙananan kayana kawai nake zuwa da su. Watan jiya na sayi firintar 3D ta hannu, Ender 3, wato na'urar da ke narkar da zaren roba ta gina abu hawa-hawa, a kasuwar kwamfuta ta Ikeja. Abin farko da na buga tire ne na jera ƙwayoyin darmar da bindigar ke harbawa, rami 60, layi shida goma-goma, saboda a gasa harbi 60 ake yi cikin minti 75, ni kuma da zarar na wuce talatin lissafi yake kuɓuce mini. Da tiren, kallo ɗaya nake yi in san inda nake. Na yi sati biyu ina jin daɗinsa. Ranar Asabar na bar jakata a kujerar baya, na shiga ɗaurin aure a Oshodi, motar tana rana tun hantsi har bayan la'asar. Da na buɗe jakar, tiren ya gantsare kamar ɓawon kankana, ramukan sun matse, ƙwaya ba ta shiga. Raina ya ɓaci ƙwarai, don awa biyar ya ci a kan na'ura. Laifin zaren ne ko laifin saitina? Kuma burina na gaba shi ne in buga mariƙin bindiga daidai da tafin hannuna, shi ya sa nake son in gane robar tun yanzu.

Injiniya Yaba: Wa alaikumus salam ƙanena. Ba sai ka faɗa ba, zaren roba irin PLA ka yi amfani da shi. Saitinka lafiya lau. PLA yana fara laushi ne a wajen digiri 60, mota kuwa idan an rufe gilasai aka bar ta a ranar Legas, cikinta na iya kai haka. Ba narkewa yake yi ba, saki yake yi, sai duk abin da ya danne shi a jaka ya ba shi siffa. Koma zaren PETG, shi sai wajen digiri 80 yake fara saki. Ka ɗaga zafin bakin na'ura zuwa tsakanin digiri 230 da 250, farantin da ake bugawa a kai 70 zuwa 80, ka rage gudu, ka rage fanka. Zai ɗan yi maka zare-zare kamar yanar gizo-gizo a tsakanin ramuka, wannan reza ce maganinsa.

Ɗan Agege: PLA ne kuwa Yaya, baƙi. Mai shagon ya ce shi ya fi sauƙi.

Injiniya Yaba: Gaskiya ya faɗa, ya fi sauƙin bugawa. Baƙin launin ma ya ƙara maka, don ya fi shan zafi. Akwai ABS da ya fi su duka jure zafi, yana kai wajen digiri 100, amma Ender 3 a buɗe take, ABS kuma yana ɗaga gefe idan iska na bugunsa, ga wari. A ɗaki ɗaya da iyali ban ba ka shawara ba.

Amma bari in gaya maka abin da ya fi zafi cutar da mu a garin nan: laima. Zaren roba yana shan danshin iska. Idan ka ji bakin na'ura yana ɗan tas-tas kamar ana soya gyaɗa, ruwa ne a cikin zaren yake tafasa, abin da zai fito kuma zai zama mai ƙuraje, mara ƙwari. A Kano ko Sakkwato lokacin hunturu mutum zai bar zarensa a kan tebur ba ruwansa. A nan, daga Yuni zuwa Yuli, zaren da aka buɗe aka bari sati biyu ya canza hali. Ni bokitin fenti mai murfi na wanke, na zuba buhunan silika irin waɗanda ke zuwa a kwalin takalmi, a ciki nake ajiye nawa. Wanda ya riga ya jiƙa, PETG yana son wajen digiri 65 na awa huɗu zuwa shida kafin ya dawo hayyacinsa.

Maman Hanifa: Ni maganar mariƙin ce ta tsayar da ni. Shekara biyu ina harbi, kuma har yau ban riƙe bindigar da ta zauna mini a hannu ba. Na kulob duk matsakaita ne ko manya, an yi su don hannun maza. Yatsana ba ya kai kunama sai na murɗa hannu, da na murɗa kuma saitin gaba ya karkata hagu. Koci yana ta cewa in gyara ja, alhali matsalar tun daga riƙo take. Na manna gutsuren kwali da salatif a wajen tafin, ya ɗan taimaka, amma gumi na jiƙa shi ya saɓule. Kamfanonin bindigar gasa irin su Steyr da Morini da Pardini duk suna yin ƙananan mariƙai, sai dai kafin ka biya da kuɗin waje, ka biya jigila, ka jira, kuma ba ka gwada a hannu ba, abin ya fi ƙarfin mai albashi. Idan har za a iya auna hannuna a buga, a gwada, a gyara, a sake bugawa, wallahi ni ce ta farko a layi.

Kafintan Idi-Araba: Hajiya, da girmamawa, roba ba za ta ba ki abin da kike nema ba. Me ya sa manyan kamfanonin nan har gobe da katakon goro na Turawa, wato walnut, suke yin mariƙi? Katako yana shan gumi, ba ya santsi, kuma idan wuri ya tokare ki, sanfefa za a sa a rage, inda ya yi rami a cike da fila irin ta masu gyaran bodin mota. Shekara ashirin ina sassaƙa ƙotar kayan aiki, na san yadda hannu yake zama a kan itace. Roba a zafin nan, harbi goma za ki yi ta fara zamewa.

Injiniya Yaba: Malam Kafinta, ban musa maka gumi ba. Amma inda na'ura ta fi mu shi ne maimaici. Idan ka rage katako ya wuce, ya wuce ke nan. A kwamfuta kuwa, milimita ɗaya za ka ƙara a wajen babban yatsa, ka sake bugawa da dare, da safe ka gwada. Kilo ɗaya na zare zai ba ka gwaji da yawa. Santsi kuma ana maganinsa tun a zane, a yi wa fuskar ƙaiƙayi-ƙaiƙayi. Ni a ganina ku biyun za ku haɗu: a nemo siffar da roba, in ta zauna, a kawo maka ka kwafe ta a katako.

Kafintan Idi-Araba: To wannan magana ce. In aka kawo mini samfur a hannu, aikin ya zo da sauƙi.

Baba Mai Ritaya: Salamu alaikum 'ya'yana. Na karanta tun daga sama, na ji daɗin hazaƙarku, amma akwai inda zan ja muku birki, kuma ku yi haƙuri zan yi tsawo.

Na farko, dokar wasan kanta. Mariƙi ba a yin sa yadda aka ga dama. A ƙa'idar ISSF, hukumar wasan harbi ta duniya, bindigar iska ta mita 10 dole ta shiga akwatin awo mai tsawon milimita 420, faɗi 200, kauri 50, a rufe. Nauyinta da duk abin da aka ɗaura mata kada ya wuce giram 1500. Kunama kada ta tashi da abin da ya gaza giram 500. Mariƙin kada ya zagaye hannu, kada ya taɓa wuyan hannu, dole alƙali ya ga wuyan hannunka a sake. Matokarin gindin tafi ba a yarda ya lanƙwaso sama ya rungumi hannu ba. Kaurin nan na 50 shi ke kayar da masu manyan hannu. Na ga yaron da ya kwana uku yana gina mariƙinsa da fila, ranar awo murfin akwati ya ƙi rufuwa, ya tsaya a bakin ƙofa yana kankara da sanfefa hawaye na zuba, abokansa suna ciki suna gwaji.

Na biyu, wanda ya fi damuna, dokar ƙasa. Ku yaran yanzu kuna kallon bidiyon Amurka, kuna ganin mutum da fistol a ƙugu yana buga kaya a garejinsa. Can daban, nan daban. Dokar makamai ta Najeriya tun ta 1959 ce, kuma ta kasa bindigogi uku. Fistol da libarba masu harsashi suna cikin haramtattu, lasisinsu sai Shugaban Ƙasa. Bindigar iska, doguwa ko ƙarama, tana aji na biyu tare da bindigar farauta, lasisinta a hannun Sufeto Janar na 'yan sanda yake. Ta toka, irin ta maharba, ita ce ta uku. Wato ko bindigar iskar da kuke ɗauka kamar ta wasa, a idon doka bindiga ce.

Na uku, mu san kanmu. Mu baƙi ne a garin nan ko da an haife mu a Agege. Yaro Bahaushe a tsayar da shi a shingen bincike da dare, a buɗe jakarsa a ga abu baƙi mai siffar gindin bindiga, kafin ya gama bayanin ISSF an kai shi inda ba ya so. Ba tsoratar da ku nake yi ba, so nake ku daɗe kuna wasan.

Ɗan Agege: Allah ya ƙara girma Baba. Wallahi ban taɓa kawo maganar shinge a raina ba. Amma mariƙi ai ba ya harbi, katako ne ko roba kawai.

Barista Surulere: Ƙanena, a nan ne Baba ya fi ka gaskiya. Inda dokar ta fassara kalmar bindiga, ba ta tsaya kan cikakkiyar bindiga ba, ta haɗa da duk wani ɓangare nata. Sannan ta hana ƙerawa ko harhaɗawa ko gyara bindiga sai a ma'ajiyar makamai ta gwamnati ko da izini. Lafazin yana da faɗi, kuma ba kai za ka zaɓi yadda jami'in da ya tsayar da kai zai karanta shi ba. Shawarata a sarari: duk abin da ke zama a kan tebur ko a jikinka, tire, mazaunin agogo, akwatin kayan aiki, marufin ido, buga abinka. Duk abin da ake ɗaurawa a jikin bindigar da sukuru, kada ka yi shi kai kaɗai a ɗaki. A bi ta kulob, shugabanni su rubuta wa ofishin lasisi, aikin ɗaurawa ya kasance a hannun mai izinin gyara, kayan kuma su kwana a kulob, kada su riƙa yawo a danfo.

Maman Hanifa: Barista, ke nan ni in haƙura?

Barista Surulere: A'a Hajiya, ban ce ki haƙura ba. Cewa na yi a shiga ta ƙofa. Buƙatarki halal ce, kuma kulob ne ya kamata ya ɗauke ta, don ba ke kaɗai ce mai ƙaramin hannu ba. Ga yara masu tasowa.

Abu Mile 12: Ni fa irin harbin nan na tsayawa wuri ɗaya bai cika burge ni ba. Wanda nake kallo shi ne IPSC, wata gasar harbi da ake yi ana gudu ana sauya gidan harsashi. Na ga suna buga 'yan aljihunan da ake maƙalawa a bel. Shi ma PETG ne? Kuma tunda ana maganar, wai da gaske ne ana iya buga bindigar gaba ɗaya?

Mai Kula da Zaure: Malam Abu, tambayarka ta biyu a nan ta tsaya. Zauren nan na wasa ne da kayan wasa. Ba a tambayar yadda ake ƙera makami ko sassansa masu aiki, ba a tura zane, ba a tura adireshin inda ake samu. Wanda ya yi zan cire shi ba tare da sanarwa ba. Ta farko za a iya amsawa.

Abu Mile 12: Na ji, a yi haƙuri ranka ya daɗe. Son sani ne kawai.

Baba Mai Ritaya: Ba komai ɗana. IPSC wasa ne na gaske, a 1976 aka kafa ƙungiyar a Amurka, Jeff Cooper ne shugabanta na farko, kuma suna da reshe da ake yi da bindigar ƙwallayen roba masu milimita 6. Amma ka ji abin da na faɗa kan fistol a ƙasar nan. Kuma kada ka raina tsayawa wuri ɗaya. Da'irar goma a takardar mita 10 faɗinta milimita 11.5 ne, bai kai farcen babban yatsanka ba, ƙwayar kanta 4.5. Hannu ɗaya, a tsaye, ba madubin kusantarwa. Zo ka yi harbi ashirin ka ji yadda kafaɗa take magana.

Injiniya Yaba: Kan aljihun bel, darasin da ke ciki ya shafi kowa, har mai buga maƙalin tawul. Abin da aka buga hawa-hawa yake, kamar jerin bulo, kuma rauninsa a tsakanin hawa yake. Idan ka buga maƙali a tsaye, ranar da ka buɗa shi zai tsage a kan layi kamar an yanka. Kwantar da shi a gefensa, yadda zaren zai bi lanƙwasar. Sannan ƙwari ya fi zuwa daga kaurin bango fiye da cika ciki. Wannan na koye shi ne bayan na yi asarar zare mai yawa.

Ɗan Agege: Yaya, wata matsalar kuma wuta. Sau biyu ana ɗauke mini ana tsakiyar aiki. Na'urar tana da ci gaba daga inda ta tsaya, amma kafin a kawo faranti ya huce, abin ya ɓalle.

Injiniya Yaba: Wannan sai inbata ko ƙaramin batirin kwamfuta da zai riƙe ka kafin ka tayar da janareta. Faranti ne mai cin wuta, musamman lokacin ɗumama. In ba ka da ko ɗaya, raba aikin ƙanana. Tirenka mai rami 60 ka yi shi gida uku ashirin-ashirin masu shiga juna. Kowanne bai kai awa biyu ba, in ɗaya ya lalace shi kaɗai za ka sake.

Maman Hanifa: Tunda ana lissafa abin da ya halatta, ni marufin ido nake so. Nawa kwali ne na yanka na maƙala a gilashi, yana duhunta mini ido har kaina ya yi ciwo.

Baba Mai Ritaya: Duhun ne matsalar 'yata. Idan kika rufe ido ɗaya da baƙin abu, ƙwayar ɗaya idon ma buɗewa take yi, sai saiti ya dushe. A yi shi da roba mai shigar da haske, fara-fara kamar jarkar madara, kuma faɗinsa kada ya wuce milimita 30, haka ƙa'ida ta ce. Wani abin kuma: zaren shaida da ake zurawa a bututu don kowa ya ga ba komai a ciki. A bindigar iska dole ya ratsa bututun gaba ɗaya, a gan shi ta baya a gan shi ta baki, mai launi mai haske. Na ga wani ya yanko zaren firinta ruwan lemo ya zura. Kada ku yi. PLA da ya sha laima karyewa yake kamar taliya, in ya karye a ciki kun jawo aiki. Ku sayi zaren injin yankan ciyawa, ku buga masa ɗan kai kawai.

Kafintan Idi-Araba: Baba, ni abin da nake tsoro kada yara su shagala da kaya su manta da hannu. Mutumin Turkiyya nan, Yusuf Dikeç, a gasar Olamfik ta Faris a 2024, hannu a aljihu, gilashinsa na kullum, ba marufi ba komai, ya ɗauko azurfa a gasar haɗaka ta mace da namiji.

Maman Hanifa: Haka ne Malam, amma ka duba hannun da ke riƙe da bindigar, mariƙin ya zauna masa. Kuma a Faris ɗin dai, a gasar mata, Kim Ye-ji ta Koriya ta Kudu da gilashin harbi da marufinta ta ci tata azurfar, Manu Bhaker ta Indiya ta ci tagulla. Kowa da abin da idonsa da hannunsa ke buƙata. Ni ba ado nake nema ba, so nake yatsana ya kai kunama a miƙe.

Ɗan Agege: Baba, tambaya ta ƙarshe. Na yi niyyar buga wani abu mai siffar bindiga in cika shi da yashi don atisayen ɗaga hannu a gida. Bayan bayaninka jikina ya yi sanyi.

Baba Mai Ritaya: Gara da ya yi sanyi. Kada ka ajiye mai siffar bindiga a gidan haya, maƙwabci ya leƙo ta taga ya gani, ba ka san inda maganar za ta tsaya ba. Bindigar gasa wajen kilo ɗaya take. Gorar ruwa ta lita ɗaya kilo ɗaya ce. Mu da dutsen guga muka yi namu. Manna ɗigo a bango daidai tsayin idonka, ka ɗaga, ka riƙe daƙiƙa talatin, ka sauke, ka huta, sau ashirin bayan sallar asuba. Wata biyu za ka ga bambanci a takarda. Tukunyar iskar bindiga kuwa, mai ɗaukar matsin iska har 200 a ma'aunin bar, ko murfin wasa kada ka ce za ka yi wa bakin cikawarta da roba. Ita kanta shekara goma ne wa'adinta, kwanan watan yana rubuce a jikinta.

Ɗan Agege: Jama'a na dawo da rahoto bayan sati biyu. Na samo PETG fari. Bugun farko ya kama faranti har na sha wuya wajen ɓamɓarewa, Yaya Injiniya ya ce in shafa gam ɗin takarda kafin in fara, na biyu ya fita salin-alin. Na yi tiren gida uku kamar yadda aka ce, na faɗaɗa kowane rami zuwa milimita 5 don ƙwaya ta fito da yatsa biyu ba tare da siririn bakinta na baya ya lotsa ba. Da gangan na bar gida ɗaya a mota ranar Juma'a tun safe har magariba a Ikeja, na ɗora a kan gilashin tebur, bai motsa ba. Marufin idon Hajiya ma na buga, milimita 28 na yi shi don kada awo ya ba da matsala. Maganar mariƙi na kai wa sakataren kulob a rubuce, ya ce za a sa ta a taron wata.

Maman Hanifa: Na karɓi marufin jiya, Allah ya saka da alheri ƙanena. Na yi harbi arba'in ba ciwon kai. Maƙalin ya ɗan yi wa gilashina sako-sako, ƙarfen nawa siriri ne. Zan kawo gilashin ranar Asabar ka auna.

Kafintan Idi-Araba: Ni ma zan zo Asabar ɗin in sha Allah, da takarda da fensir, in zana tafin hannun Hajiya a ajiye kafin taron. Ƙarfe nawa kuke farawa?

Ɗan Agege: Tara na safe Malam. In ka biyo ta Oshodi ka fito da wuri, gosulon wajen ba ya ɗaga ƙafa ko ranar Asabar.